Ƙafar Baba Ɗan'azumi

Baba Ɗan'azumi ba ya tuƙi da takalmi. Na lura da haka ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi, lokacin da na dawo daga karatu a Dakar. Ya tuɓe takalmansa, ya haɗa su baki da baki, ya tura su ƙarƙashin kujera, sannan ya ɗora babban yatsansa a kan abin ba mota wuta kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Ban tambaye shi dalili ba. Ni ban cika iya buɗe baki in yi tambaya ba.

Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai. Ina zaune a gidan kawuna, Kawu Umaru, a unguwar Kalle, ina jiran a koma lekol, wato makaranta, in fara koyar da kimiyya. Kawu babban dubagari ne a Yamai, shi ne shugaban masu bi gida-gida suna leƙa randuna da rijiyoyi don kada sauro ya samu wurin haihuwa. A gidansa ba a barin komai a buɗe. In ka ajiye kofin ruwa ka je amsa sallama, kafin ka dawo an kife masa faranti. Matarsa, Inna Tabawa, takan ce da yana da iko da ya yi wa kogin Kwara murfi.

Motar gidan baƙa ce, doguwa, ta haura shekara goma a duniya. Kawu ya saye ta a hannun wani Bafaranshe da ya tattara ya koma ƙasarsu, kuma tun daga ranar kowa ke kiran ta Madam. Baba Ɗan'azumi ne direbanta. Shi da Kawu sun fi shekara goma sha biyar tare, tun suna Damagaram, lokacin da yake jan motar ma'aikata yana kai Kawu ƙauyuka.

A watan da na dawo ne Madam ta kamu da wani ciwo mai ban haushi. A cikin gari lafiyarta lau. Za ta kai Kawu biro, wurin aikinsa, ta kai Inna ƙaramar kasuwa, ta dawo ba ko tari. Amma da an fita bayan gari an yi tafiya mai ɗan nisa, Kawu ya hango wani kamiyo, babbar motar kaya, a gaba ya ce, “Ɗan'azumi, wuce shi,” to nan take magana ta lalace. Baba zai taka, Madam ta zabura, ta kai daidai tsakiyar kamiyon, sai ta fara shaƙewa, tana fizga, ƙarfinta yana zubewa, har su koma baya su shiga cikin jar ƙasar da kamiyon ke watso musu. Wani lokacin ta mutu gaba ɗaya. In an jira kaɗan ta tashi, ta yi tafiyar tsofaffi har gida.

Ranar da abin ya fi yi wa Kawu ciwo, a hanyar Doso ne. Wani ƙaramin akawu na ma'aikatarsu ya wuce su a kan babur, ya ɗaga hula ya gaishe shi.

Sau uku aka kira Mutari, makanikin da ke da garaji bayan kasuwa, mutumin Tawa ne mai baki kamar rediyo. Ni kuwa ba ni da aikin yi, sai in zauna a ƙofar ɗaki ina tsince wa Inna shinkafa ina kallonsa. Zuwan farko ya canza buji, wato filogi, duka huɗu. Na biyu ya kwance karburato ya wanke shi da isansi, man da motar ke sha, ya hura kowane ɗan bututu da bakinsa. Na uku ya canza wata waya, ya ce ita ce munafukar. Kowane zuwa, in ya gama, sai ya shiga ya ja ta da kansa, ya ɗauki Kawu su nufi hanyar filin jirgi, ya ba ta wuta har hular Kawu ta karkace. Su dawo suna dariya. Bayan kwana biyu Baba Ɗan'azumi ya fita da ita, ciwo ya dawo.

Da safiyar wata Litinin, muna karin kumallo, Kawu ya yanke hukunci.

“Na yi bincike,” in ji shi, yana huda gwangwanin madara da bakin wuƙa. “Motar nan a hannun Mutari tana gudu. A hannun Ɗan'azumi tana suma. Mota ɗaya, mai ɗaya. Me ya bambanta? Ƙafa. Ƙafar ta tsufa, Tabawa. Rawa take yi in ya taka.”

“Taka ƙafar fa? Ita yarinya ce?” in ji Inna.

“Ni ba tuƙi nake ba. Ƙarshen wata zan sallame shi cikin mutunci, ya koma Damagaram ya huta. Mutari yana da suruki, wai shi Ɗanjuma, tsohon direban soja, da permin tuƙi da komai.”

“Ya koma wajen wa? Matarsa a nan aka binne ta, 'yarsa a Gamkalle take aure. Mutumin da ya goya ka a bayansa ya ƙetarar da kai kwari lokacin damina?”

“Wannan da can ne.”

Ina kallon hannunsa. Ya huda gwangwanin a gefe ɗaya, ya juya shi ya huda ɗaya gefen, sannan ya tsiyaya. Madarar ta zubo santal, ba tsayawa. Wani abu ya motsa a kaina. Akwai abin da Mutari ke yi kowane zuwa, kafin ya taɓa buji ko waya: yakan zagaya bayan mota, ya buɗe murfin tanki, ya tsoma kara ya ga ko akwai mai. Kuma duk lokacin da ya buɗe, tankin yakan ja wani dogon numfashi, fuuu. Har yakan ce, “Kun ji, Madam ta yi ajiyar zuciya, ta ga likitanta.”

“Kawu,” na ce. Muryata ta fito kamar ta sauro.

“Na'am, 'yar Dakar? Kina da magana a kan mota? Tabawa, ki ji, an koya musu makanikanci a jami'a.”

Na ce a'a, sukari nake so. Ya miƙo mini, ya mayar da murfin ya danna.

Baba Ɗan'azumi ya ji labari tun kafin azahar, domin gidanmu ba ya riƙe magana. Na dai gan shi da la'asar zaune a gindin darbejiya yana murza ƙafarsa ta dama da man kaɗanya, yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana duban su. Da ya ga ina kallonsa sai ya ja rigarsa ya rufe.

“Malama Balkisa, a Dakar akwai tsofaffin direbobi?”

“Akwai, Baba. Da yawa.”

“To, madalla,” ya ce.

Inna ce ta kawo dalilin tafiya. Randarta ta fashe, kuma ta ce ba za ta sha ruwan kowace randa ba sai ta Bubon. Kawu ya ce ya yi daidai, ranar kasuwar Bubon za a tafi gaba ɗaya, har da Mutari, domin ya gani da idonsa ya ba da shaida, kada a ce an zalunci kowa. Ya juyo gare ni ya ce, “Ke ma ki zo, ki rubuta mana rahoto.”

Muka kama hanyar Tilaberi da hantsi. Baba yana tuƙi, Mutari a gefensa da akwatin ƙarafunansa tsakanin ƙafafu, mu uku a baya, ni a tsakiya. An yi ruwa shekaranjiya, gero ya yi tsawo a gefen hanya, kogi yana leƙowa ta hagu yana ɓuya. Madam tana tafiya kamar ba ita ba. Na ga wuyan Baba yana zufa.

Mun yi nisa sosai sai ga wani kamiyo a gabanmu, cike da buhunan albasa da mutane a samansu, yana hawan wani tudu da ƙyar.

“Wuce shi,” in ji Kawu.

“Mushe, da mun bari ya gama hawa,” in ji Baba, wanda haka yake kiran Kawu, wato maigida da Faransanci.

“Ka ji ko, Mutari? Tsoro. Na ce wuce shi.”

Baba ya ce bismillah ya taka. Madam ta yi ruri, ta fita gefe, ta kamo ƙafar baya ta kamiyon, ta kamo tsakiya. Mutanen da ke kan albasa suka fara yi mana tafi. Sai ta yi tari ɗaya. Ta yi na biyu. Ta fizga gaba ta fizga baya, kan Inna ya bugi kafaɗata, kamiyon ya zare jikinsa ya tafi, wata tsohuwa a sama tana ɗaga mana hannu tana cewa wani abu da Zabarmanci wanda ya sa duk suka fashe da dariya. Muka gangara gefen hanya, injin ya yi shiru.

“Me ta ce?” Kawu ya tambaya.

“Ta ce a gaida mai jaki, patron,” in ji Mutari.

Muka fito. Kawu ya goya hannu a baya ya dubi sama, kamar alƙalin da shari'a ta zo masa da sauƙi. Baba ya tsaya riƙe da ƙofa. Mutari ya karyo kara a gefen gona, ya nufi bayan mota yana fito. Na san in ya taɓa murfin nan, shi ke nan: mota za ta tashi a hannunsa, ya kai mu Bubon a guje, Baba kuma ya tafi Damagaram.

“Malam Mutari, dakata!”

Ni kaina sai da na tsorata da ƙarar. Kowa ya juyo. Na kafa ido a kan takalmin Kawu.

“Kada ka buɗe. Don Allah. Ka shiga ka ja ta haka nan, yadda take.”

“Malama, likita ba ya ba da magani sai ya taɓa mara lafiya.”

“Ai Kawu ya ce ƙafa ce. In ƙafa ce, ba sai an taɓa komai ba. A canza ƙafar kawai.”

Inna ta tafa hannu. “Yawwa! Ashe bakin nan yana aiki. Umaru, ba kai ka ce bincike ba? To ga bincike.”

Kawu ya ce wannan magana ce ta ilimi, kuma shi ba ya tsoron ilimi. Mutari ya yar da karan, ya shiga mazaunin direba yana murmushi, ya gyara madubi. Baba ya zagaya ya zauna inda Mutari ya tashi, ya haɗa hannuwa a cinya kamar baƙo. Da ƙyar injin ya kama. Muka hau hanya a hankali.

“Kun gani? Ta san hannu,” in ji Mutari. “Yanzu patron, riƙe hularka.”

Ya taka har ƙasa. Madam ta zabura, ta yi gudun da bai kai a ƙirga ashirin ba, sai tari, sai fizga, sai shiru. Muka tsaya daidai gaban wani Bafillace da shanunsa. Mutumin ya dube mu, ya dubi motar, ya ci gaba da tafiyarsa.

“Ƙafarka ta tsufa, Mutari,” in ji Inna. “Allah sarki, ga ka yaro da kai.”

“Hajiya, wallahi wannan wani sabon abu ne. Bobin ne, mai ba buji wuta. Tun farko na zargi bobin.”

Na ce, “Yanzu a buɗe murfin. Amma kowa ya yi shiru.”

Muka taru a bayan mota, mu biyar, kamar masu jiran a raɗa wa jariri suna. Mutari ya murɗa. Murfin ya ƙi da farko, kamar ana riƙe da shi daga ciki, sannan ya saki. Tankin ya ja iska, fuuu, dogon ja, har ƙarfensa ya yi ƙara ɗaya, ɓam, yana komawa yadda yake.

Na yi bayani ina kallon ƙasa. Na ce mai ba ya fita daga tanki sai iska ta shiga ta zauna a wurinsa. In ana tafiya a hankali cikin gari, ɗan abin da ke kutsawa ta gefen murfi yana isa. In an yi nisa aka kuma taka da ƙarfi, injin yana neman mai da yawa, tanki kuma ya riƙe, kamar gwangwanin madarar da aka yi wa huda ɗaya. Na ce duk ranar da Malam Mutari ya zo, yakan fara buɗe murfi ya tsoma kara, iska ta shiga, shi ya sa take gudu a hannunsa.

“Wato karan ne yake gyaran,” in ji Inna, “ba buji ba.”

“Buji ɗin ma sun gaji, Hajiya,” in ji Mutari da sauri. Yana juya murfin a hannunsa. “Amma ai murfi yana da hudarsa, daga can ake yin sa da ita. Ga ta nan a... kai! Wa ya yi wannan?”

Ya goge tsakiyar murfin da babban yatsa. Ƙarƙashin jar ƙasar hanya, ga wani ɗigo ja, zagayayye, sumul, ya cike 'yar hudar tsaf. Jan kaki ne, irin wanda ake narkarwa a rufe bakin kwalaben ruwan rijiya kafin a aika da su gwaji. A duk unguwar Kalle tebur ɗaya ne ake samun sa a kai, kuma ni nake share teburin kowace safiya.

Babu wanda ya dubi Kawu. Duk muka yi ƙoƙarin kada mu dube shi, har abin ya fi kallo muni. Mutari ne kaɗai bai san kakin ba.

“Ni ne,” in ji Baba Ɗan'azumi.

Inna ta juyo ta dube shi.

“Ni na toshe. Na ji warin mai, na ce kada ya tsere. Rashin sani ne, Mushe. A yi haƙuri.”

Mutari ya samu wurin sauke kunyarsa. “Haba Baba! Shekara nawa kana jan mota? Wannan ai aikin wanda bai taɓa ganin inji ba ne. Ka sa na kwance karburato a banza. Kuma dubi yadda aka dambara shi, kamar yaro ya liƙa ƙaro a bango, ko kyan gani babu.”

“Ina aka dambara?” in ji Kawu.

Ya karɓi murfin ya ɗaga shi wajen rana.

“Dubi gefensa. Akwai inda ya zuba? Akwai kumfa a ciki? Sau biyu aka ɗiga shi, aka bari na farko ya sha iska kafin a sa na biyu. Wata guda ke nan yana shan rana da ruwa, ko tsagewa bai yi ba. Kai in an ba ka kyandir da kaki za ka iya wannan?”

Ya tsaya. Mutari ya dubi Kawu, ya dubi murfin, ya sa hannu ya sosa ƙeya.

“A'a, patron. Gaskiya aikin ya yi kyau. Mai hannu ne ya yi shi.”

Inna ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa. Da ta iya magana sai ta ce, “Umaru, sauro nawa ka kama a cikin tankin?”

“Rami ne a buɗe,” in ji Kawu, amma muryar ba ta biro ba ce. “Ina wucewa na ji wari. Ƙura tana shiga, ruwa yana shiga. Ba wanda ya gaya mini da gangan aka bar shi.” Ya juya wajen Baba. “Kai kuma wa ya aike ka ka yi ƙarya a gaban yarinya? Kai da ko wasiƙa ba ka taɓa liƙewa ba?”

“Na ga kamar ni ne, Mushe.”

“Ba kai ba ne.”

“To, Mushe.”

Inna ta zare allura daga bakin zanenta ta miƙa wa mijinta. Ya zauna a kan dutse a gefen hanya, da babbar rigarsa da komai, ya dinga ƙwaƙule kakin a hankali. Ya fi minti goma, domin da gaske aikin ya kama. Da ya gama ya hura, ya leƙa rana ta cikin hudar, ya tsaya yana duban ta kamar tana yi masa ciwo, sannan ya mayar da murfin da hannunsa.

Ba a yi shawarar wanda zai tuƙa ba. Mutari ya koma wajen akwatinsa, Baba ya shiga mazauninsa. Kafin mu kai mararrabar Bubon muka sake cim ma kamiyon albasa. Wannan karon Kawu bai ce a wuce ba. Baba ya dube shi ta madubi, ya jira, sannan ya taka don kansa. Madam ta wuce kamiyon tun daga wutsiya har kai ba ta ko numfasa ba. Inna ta fitar da hannu ta taga ta yi wa tsohuwar nan bankwana da kyau.

Mun sayi randa biyu. Kawu ya sa an nemo wa kowacce murfi kafin a ɗora su a mota. A hanyar dawowa Mutari ya ɗan taɓo maganar surukinsa Ɗanjuma, ya ce ko ya turo shi gobe a gaisa. Kawu ya ce yana jin barci.

Amma har muka iso gida ba a janye maganar ƙarshen wata ba, kuma saura kwana shida. Kawu mutum ne da in ya faɗi abu a gaban iyali, yakan ɗauke shi kamar takardar da aka buga wa hatimi. Ya shige ɗakinsa, muka jiyo ƙarar keken rubutu, ɗaya-ɗaya, da yatsa biyu.

Bayan la'asar Baba yana wanke jar ƙasa daga jikin Madam, ni ina miƙa masa ruwa a bokiti. Sai ga Kawu ya fito da takarda a hannu. Ya miƙa wa Baba. Baba ya goge hannu a riga ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta, ya miƙo mini, domin shi boko bai shige shi ba.

Jadawalin rangadi ne. Na karanta da ƙarfi. Kollo, uku ga watan gobe. Doso da Gaya, daga goma zuwa sha huɗu. Filinge, ashirin da biyu. Ya ci gaba har watan Disamba. A ƙasan kowane layi an buga sunan direba, kuma suna ɗaya ne tun daga sama har ƙasa: Ɗan'azumi.

“Filinge akwai yashi, Mushe,” in ji Baba. “Sai an rage wa ƙafafun iska.”

Kawu ya gyaɗa kai. Ya tsaya kamar akwai sauran magana. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya buɗe baki, ya gyara zaman hularsa. Sannan ya juya a hankali ya shige cikin gida.